Ziyarar ganin tarihi a birnin Katsina: abin da mutumin Madarunfa zai shirya kafin ya kama hanya

Mutumin Madarunfa ba baƙo ne a Katsina ba. Wani ya je saro kaya, wani ya kai maras lafiya likita, wani kuma biki ko ta'aziyya suka kai shi. To amma a cikinmu mutum nawa ne suka taɓa tsayawa a gindin hasumiyar Gobarau, ko suka nuna wa ɗansu ƙofar gidan Korau? Sau da yawa mukan shiga birnin da hantsi, mu gama abin da ya kai mu, mu fito kafin la'asar, ba mu ga komai ba sai tasha da kasuwa.

Yanzu da ake samun iyalai da malaman lakwal masu son kai yara su ga wuraren tarihi lokacin hutu, ya kamata a yi bayani dalla-dalla. Tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba, amma akwai iyakar ƙasa a tsakani, akwai canjin kuɗi, akwai kuma maganar tsaro wadda ba a wasa da ita. Wanda ya shirya zai je ya dawo da ilimi. Wanda ya tashi haka nan yana iya ƙarewa a bakin iyaka, ga yara na kuka, ga kuɗi sun tafi a banza.

Me ya sa Katsina?

Saboda tarihinmu yana can. A shekarar 1807, lokacin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Malam Ummarun Dallaje ya karɓe birnin Katsina. Sarkin Haɓe na lokacin, Magajin Haladu, ya fita da mutanensa, ya rasu a Ɗankama. Waɗanda suka rage suka naɗa Ɗan Kasawa, suka zauna wani lokaci a ƙasar Damagaram, daga baya wajajen 1819 suka kafa sarautarsu a Maraɗi. Shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinar Maraɗi, kuma shi ya sa za ka ji sunayen sarautu irin su Ƙaura, Durɓi, Galadima da Ƴandaka a fadojin biyu. Ko Gulbin Maraɗi da muke noma a bakinsa, daga ƙasar Katsina yake gangarowa, ya bi ta Jibiya kafin ya iso mu.

Ke nan yaron da aka kai Katsina zai ga mafarin labarin da kakarsa ke ba shi da dare. Gani ya kori ji.

Wuraren da ya kamata a gani

Na farko ita ce hasumiyar Gobarau, a tsakiyar tsohon birni. Ginin ƙasa ne mai tsawon kusan mita 15, kuma ana danganta shi da zamanin Muhammadu Korau, wanda tarihi ya nuna shi ne sarkin Katsina na farko Musulmi. Hasumiyar ita ce abin da ya rage na wani babban masallaci wanda ya zama cibiyar karatu. Daga samanta ake kiran salla, daga nan kuma ake hango abokan gaba tun suna nesa. Matakalar a matse take, don haka tsofaffi da ƙananan yara gara su tsaya a ƙasa, masu hawa kuma su nemi izinin mai gadin wurin tukuna.

Na biyu, fadar sarki, wato gidan Korau, da filin Ƙofar Soro da ke gabanta. Sarkin yanzu, Alhaji Abdulmumini Kabir Usman, ya hau gadon sarauta a 2008. Jikan Sarki Usman Nagogo ne, wanda shi kuma ɗan Sarki Muhammadu Dikko ne, wanda Turawan Ingila suka naɗa a 1906 ya yi mulki har 1944. Daga sunansa aka samu kirarin "ta Dikko ɗakin kara". A tuna fa, fada gida ce da ake zaune a ciki, ana kuma zaman fadanci. Ba a kutsa kai. Ana yi wa dogarai sallama, a faɗi daga inda aka fito da abin da ya kawo, su ne za su ce ga inda za a iya shiga, ga inda ba a shiga.

Na uku, tsohuwar Kwalejin Katsina. An kafa ta a 1921, aka buɗe ta a hukumance a 1922, kuma a nan ne Abubakar Tafawa Balewa da Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato suka yi karatu. A 1938 aka mai da makarantar Kaduna, daga baya Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. Tsohon ginin, na tubali da azara, shi ne yanzu gidan ajiye kayan tarihi na gwamnatin tarayya. Ga ɗan lakwal, wannan wurin ya fi ko'ina amfani, don zai ga irin ajin da shugabannin farko na Arewacin Najeriya suka zauna a ciki.

Na huɗu, kaburburan waliyyai. Katsina gari ne na malamai tun ɗaruruwan shekaru. Wali Ɗan Masani ya rayu daga 1595 zuwa 1667, Wali Ɗan Marina ma a wannan ƙarnin ya yi zamani, ga kuma Ɗan Takum. A maƙabartar Ɗan Marna aka binne tsohon shugaban Najeriya Umaru Musa Ƴar'aduwa bayan rasuwarsa a 2010. Malami na iya ƙara wa ɗalibansa da labarin Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi ɗan wannan ƙasa da ya rasu a birnin Alƙahira a 1741.

Na biyar, ganuwa da ƙofofi: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Guga, Ƙofar Ƴandaka, Ƙofar Sauri, Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi. Gaskiyar magana, kada a sa rai da yawa a nan. Ruwan sama da gine-gine sun cinye mafi yawan ganuwar, ƙofofin kuma an sake su da siminti. Amma in aka ɗauki keke napep aka zagaya daga wannan ƙofa zuwa waccan, za a gane girman birnin da Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya tarar lokacin da ya shigo a 1851. Ana cewa ta Ƙofar Ƴandaka Lugga ya shiga birnin a 1903.

Mai kwana uku da ɗan abin hannu yana iya ƙarawa da Daura, wajen kilomita 80 gabas da Katsina, ya ga rijiyar Kusugu ta labarin Bayajida. A ƙasar Mani kuma akwai Durɓi ta Kusheyi, inda aka binne sarakunan farko. Nan ba wurin zuwa ba ne sai da ɗan gari wanda ya san hanya.

Takardu: a fara da su

A nan ne yawancin tafiye-tafiye ke lalacewa. Hanyar hukuma ita ce ta Ɗan Isa a ɓangarenmu, sai Magama da Jibiya a ɓangaren Najeriya. Kowane babba ya riƙe katin ɗan ƙasa wanda bai mutu ba, in akwai fasfo ya fi. A haɗa da katin allurar rigakafin cutar shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, don ma'aikatan lafiya na iyaka suna da hurumin tambayarsa. Yara a ɗauko takardun haihuwarsu. In yaron ba naka ba ne, ko da ɗan ƙaninka ne, a nemi takardar izinin iyayensa da tambarin hukuma. Jami'ai na sa ido sosai kan safarar yara, kuma ba laifinsu ba ne in suka tsare mutumin da ya zo da yara biyar ba ko takarda ɗaya.

Malamin da zai kai ɗalibai ya rubuta sunayensu duka, darekta ya sa hannu, hukumar ilimi ta san da tafiyar, kowane uba ya ba da izini a rubuce. Mai shiga da motarsa kuma ya haɗa parmi da kart giris da asirans, ya tambayi kamfanin asirans ɗin ko takardarsa tana aiki a Najeriya, sannan ya nemi takardar shigar da mota wurin ƴan duwan. Ga wanda bai saba ba, motar haya ta fi sauƙi.

Sai a san cewa dokar iyaka tana canzawa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, kuma ta Jibiya ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, sai a Maris na 2024 ƙasashen biyu suka buɗe. Ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga CEDEAO tare da Mali da Burkina Faso, kuma a lokacin ƙungiyar ta ce za a ci gaba da karɓar fasfo da katin ƴan ƙasashen uku har sai an ba da wata sanarwa. Saboda haka labarin da maƙwabcinka ya kawo bara ba lalle ya yi aiki bana ba. Kwana biyu ko uku kafin tafiya, a tambayi ƴan sandan iyaka ko direbobin da ke bin hanyar kullum. Matambayi ba ya ɓata.

Abu ɗaya da ba ma son a yi: bin ɓarauniyar hanya a kan kabu-kabu don gudun shingen jami'ai. Mai ɗauke da iyali ba ya ratsa daji. In wani abu ya faru a can, babu hukumar da ta san ka shiga, balle ta neme ka.

Tsaro: a faɗi gaskiya

Ba sai an gaya wa mutumin Gabi ko Safo ko Ɗan Isa abin da ƴan bindiga suka yi a wannan yanki ba. Hanyar Jibiya zuwa Katsina ma ta sha fama da tare motoci da satar mutane. A 2021 har sai da aka katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomin jihar Katsina, ciki har da Jibiya. Wani lokaci hanya takan lafa, wani lokaci ta sake ɓaci. Don haka ga ƙa'idojin da ba a karya su:

Ba a tafiyar dare, ba a kuma yin sammakon da ya wuce kima. A bari rana ta fito, motoci su fara kai da komo. A dawowa, a tabbata an ƙetare iyaka tun rana na sama.

A shiga mota a tasha, wurin da aka san direba da ƙungiyarsa. Kada a tsai da mota a bakin hanya don an ga ta fi araha.

Kada a yi ta shela. Mutum ɗaya ko biyu a gida su san ranar tafiya da masauki da ranar dawowa. Hotuna a bari sai an dawo a sa su a Facebook ko WhatsApp.

Mata su bar gwala-gwalai a gida. Maigida ya raba kuɗinsa gida biyu ko uku.

In da safen tafiya aka ji labarin da bai kwanta a rai ba, a fasa. Gobarau ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye, za ta jira wata mai zuwa.

Kuɗi da waya

Tun watan Yunin 2023 da gwamnatin Najeriya ta saki naira kasuwa ta yi mata farashi, canji ba ya tsayawa wuri ɗaya. Abin da jika goma ta saifa ta ba ka wancan watan ba shi za ta ba ka yau ba. A tambayi ƴan canji biyu ko uku kafin a miƙa kuɗi, a ƙirga a gabansu, a nemi ƙananan takardu don biyan keke napep da ruwan sha. Kada a canza duka. A bar saifar da za ta mai da kowa gida daga Ɗan Isa.

Lissafin tafiya kashi biyar ne: mota zuwa da dawowa, zirga-zirga cikin gari, masauki, abinci, sai kuɗin shiga wurare da ɗan alherin masu gadi da masu bayani. In an haɗa jimla, a ƙara kwatankwacin kashi ɗaya cikin huɗu a ajiye gefe saboda lalura, kamar ciwon yaro ko lalacewar mota da zai sa a ƙara kwana. Tsaraba ita ce ta ƙarshe. Da yawa sukan fara da kasuwa, atamfa da takalma su cinye kuɗin, sai a koma gida ba a ga abin da aka je gani ba.

Mai ɗan uwa a Katsina ya huta da kuɗin otel, amma a sanar da shi tun da wuri, a kuma riƙa masa wani abu a hannu, ko da kifin tafki ne busasshe ko ƙuli-ƙuli. In otel za a sauka, a sa ɗan gari ya duba ɗakin da farashinsa kafin a zo.

 Game da waya, kafin a tashi a tambayi kamfanin layinka ko zai yi aiki a can da abin da kira zai ci. A rubuta lambobin mai masauki da na gida a takarda, a sa wa kowane yaro ɗaya a aljihu. Agogo dai ba sai an taɓa shi ba, lokacinmu da nasu ɗaya ne.

Wane lokaci ya fi?

Bayan kaka zuwa cikin sanyi, wato daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Amfanin gona ya shigo gida, akwai ɗan kuɗi, ana iya yawo a ƙasa ba tare da rana ta gasa mutum ba, kuma akwai hutun lakwal na ƙarshen Disamba. Sai dai a ɗauki rigunan sanyi da man shafawa saboda hunturu. Bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi ya yi wa yara da tsofaffi yawa, lokacin sanƙarau ne kuma. Babban hutu yana faɗowa cikin damina, lokacin da manomi ba ya da sukuni, sauro ya yi yawa, ciyawa ta rufe daji.

Mai son ganin dawakai sai ya nufi ƙaramar salla ko babba, lokacin da hakimai ke zuwa da mahayansu a yi hawa a kai gaisuwa Ƙofar Soro. Abin kallo ne na gaske. Amma gari yakan cika, kuɗin mota ya hau, masauki ya yi wuya, kuma an sha soke hawan a wasu shekaru saboda tsaro ko annobar korona. A tabbatar za a yi kafin a tashi. Mai ƙananan yara gara ya zaɓi ranakun aiki, Litinin zuwa Alhamis, lokacin da ma'aikatan gidan tarihi ke bakin aiki.

Tsarin kwana biyu

Ranar farko a tashi da hantsi, a ba iyaka lokacinta, a isa kafin azahar. A ci abinci a huta. Bayan la'asar a je Gobarau, daga nan a taka zuwa Ƙofar Soro, tunda duk a cikin tsohon gari suke. Kashegari da safe a fara da tsohuwar Kwaleji, sai maƙabartar Ɗan Marna, sai zagayen ƙofofi. Kasuwa ta zo a ƙarshe, awa ɗaya ta isa. Da an yi azahar a kama hanyar gida. In an ga lokaci ya ƙure, a ƙara kwana, kada a ce sai an tafi.

Wuri uku da aka tsaya aka ji bayaninsu sun fi wuri goma da aka wuce a guje. A sa yara su riƙe littafi da biro su rubuta abin da suka ji.

Ladabin baƙo

A tambaya kafin a ɗauki hoto, musamman a fada da maƙabarta da wurin da mata suke. Shingen sojoji da na ƴan sanda ba a ɗaukarsu sam. A cire takalmi inda aka ga ƴan gari sun cire. Sannan a san cewa labarin 1807 yana da baki biyu: yadda ake ba da shi a Maraɗi daban, yadda ake ba da shi a Katsina daban. Baƙo ya saurara, ya yi tambaya cikin girmamawa, gardama kuma a bar ta sai an dawo gida.

A wasu ƙasashe irin wannan ziyara babbar sana'a ce. A Italiya, masu son shiga tsofaffin gine-ginen Roma sukan sayi tikiti ta intanet tun kafin su bar ƙasarsu, birnin Venis kuma tun Afrilun 2024 ya fara karɓar yuro 5 daga masu zuwa yini ɗaya a ranakun cunkoso. Mu ba mu kai nan ba, shi ya sa ɗan abin da baƙo ya ba mai gadin Gobarau ko mai bayani a gidan tarihi yake da muhimmanci. In an kammala layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021 kuma zai bi ta Daura da Katsina da Jibiya, wannan tafiya za ta yi sauƙi ƙwarai.

In hanya ba ta yi ba fa?

Kada hutu ya tafi a banza. Ana iya juyawa gabas zuwa Damagaram ta Tasawa, ba iyaka ba canji, a ga unguwar Birni da fadar sarki a garin da ya riƙe hedkwatar Nijar har 1926. Ana iya yini ɗaya tsakanin fadar Sarkin Katsinar Maraɗi da ta Sarkin Gobir a Tibiri. Kuma ga tafkinmu na Madarunfa da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi, waɗanda Nijar ta sa cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su tun 2006. Mutane na zuwa daga Najeriya don ziyartarsu, alhali akwai yaran garin nan da ba a taɓa zaunar da su an ba su labarin wurin ba.

A fara da nan. Yaron da ya san waliyyan bakin tafkinsu, ranar da aka kai shi gaban kabarin Ɗan Marina zai san abin da yake kallo. Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi lafiya.